Ya kama mana gida a ƙauye wai hutu, ni kuwa tukwane kawai nake hangowa

Assalamu alaikum Anti. Akwai abin da ke ci mini rai, amma ina jin nauyin faɗa wa kowa don kada a ce na cika butulci. Maigidana ya kama mana wani ɗan gida a wani ƙauye, irin waɗanda ake ba masu zuwa hutu haya. Kwana shida za mu yi, ni da shi da yaranmu uku, babban shekararsa 13, ta tsakiya 8, autan kuma 3. Ya riga ya biya, kuma kuɗin ba a mayarwa. Shekara uku rabonmu da zuwa ko'ina, ni kuma otal nake ta mafarki, inda wani zai dafa, wani ya share, ni in miƙe ƙafa. To ga shi gidan da ya kama har da kicin da tukwane, babu mai aiki, babu gidan abinci kusa. Ban da wannan ya rubuta wurare 14 da yake so mu zaga, daga duwatsu sai kogi sai daji sai tsoffin gine-gine. Babban yaron tun yanzu yake kumbure-kumbure don ya ji an ce babu intanet. Shi kuwa maigidan murna yake kamar ƙaramin yaro, kullum sai ya nuna mini hotunan wurin, ni kuma in ce "ya yi kyau" alhali zuciyata na tafasa. In fito fili in ce ba zan je ba, ko in danne in bi shi?

Uwar yara uku

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Ki je. Amma kada ki je da wannan shirun da kika ƙunsa, domin shi ne zai ɓata tafiyar tun kafin ku sauke jakunkuna.

Da farko dai ki sauke wannan nauyin na cewa butulci kike yi. Lissafinki daidai ne. Gidan hutun da mutum ke dafa wa kansa yana da wani abu da hotuna ba sa nunawa: duk aikin da ma'aikatan otal ke yi bai ɓace ba, yana nan yana jiran wanda zai ɗauka. A mafi yawan iyalai kuwa an san wanda ke ɗauka ba tare da an yi magana ba. Sai ki ga mace ta bar kicin ɗin da ta saba da shi, inda ko ido rufe ta san inda wuƙa take, ta faɗa wani da wuƙarsa ba ta yanka, murhunsa sai an yi ta lallami, tukunyarsa mafi girma ba ta isar mutum biyar. Ta dawo gida a gajiye, a tambaye ta ya hutu, ta ce lafiya lau. Wannan kike hangowa, kuma da gaskiyarki.

Inda ba ki da gaskiya shi ne "ya yi kyau" ɗin nan da kike ta maimaitawa. Mutumin nan bai san gaibu ba. Duk daren da ya nuna miki hoto kika yaba, kin ƙara sa masa hannu a takardar cewa ya yi daidai. Ranar da abin ya fashe, a rana ta uku galibi yake fashewa, kina tsaye kan wanke-wanke shi yana ɗaura takalmi yana cewa ku yi sauri, zai tsaya yana kallonki da mamaki na gaske, kuma ba za ki iya cewa kin faɗa masa ba. Daga yadda kika siffanta shi ban ga mai mugunta ba. Na ga mutumin da ya ga ciyawa da ruwa a hoto zuciyarsa ta tafi, bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa wa zai wanke kofuna ba, saboda a gida ma bai taɓa ganin kofi ya kwana da datti ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma fa sai ya nuna sannan a zo da jinka.

Saboda haka ki zaunar da shi kafin tafiya, lokacin da yara suka yi barci kuma ba a gajiye yake ba. Kada ki fara da otal. Maganar otal ta wuce tunda kuɗi sun fita, tayar da ita ba abin da zai haifar sai ya ji kin raina ƙoƙarinsa, daga nan kuma ya daina saurare ya koma kare kansa. Ki fara da abin da yake gaskiya: kin ga yadda yake ɗokin tafiyar, kuma kina so ke ma ki ji irin wannan ɗokin. Sannan ki faɗi abin da ke hana ki, a ƙirge. Kwana shida, ci sau uku, girki goma sha takwas ke nan da wanke-wanke goma sha takwas, ga wankan auta, ga shara, ga gyaran gidan ranar tafiya. Maza da yawa ba sa jin "na gaji", amma suna jin lissafi. Ki ce masa, "Baban yara, wanne za ka ɗauka a ciki?" Ki yi shiru ki bar shi ya amsa.

Abin da nake ganin ya kamata ki nema ba shi da yawa. Karin safe ya zama nasa shi da babban yaron duk kwanakin, har da wanke kayan. Yaro ɗan shekara 13 ya isa, kuma za ki yi mamakin yadda aikin da yake ƙi a gida zai zame masa abin wasa a baƙon wuri. Na rana ya zama abin da ake ƙunshewa a tafi da shi, kowa ya haɗa nasa. Na dare kaɗai ne girkin gaske, shi ma ki dafa na kwana biyun farko tun daga gida ki daskarar, ku taho da shi a cikin kula, ɗumamawa kawai za a yi. Sai kuma babbar buƙata, wadda idan ba ki samu komai ba ki tabbata kin sami ita: yini guda cur naki. Ya kwashi yaran duka, har autan, su tafi yawonsu, ke ki zauna a gidan ki yi barci ko karatu ko ki zura wa bishiya ido. Ki sa ranar a rubuce cikin jerin nan nasa, da sunanta, kamar yadda ya rubuta dutse da kogi. Abin da ba a rubuta ba shi ake fara cinyewa idan lokaci ya ƙure.

Yanzu ga wurare 14 ɗin nan. Kwana shida da kike faɗa a zahiri huɗu ne, domin ranar zuwa da ranar dawowa hanya ce ke cinye su. Wuri 14 a kwana huɗu, kusan huɗu ke nan kowace rana, da yaro ɗan shekara uku a hannu. Wannan aikin direban haya ne. Ku yanke shi zuwa wuri ɗaya babba a rana, a fita da safe lokacin da kowa ke da ƙarfi, a dawo kafin auta ya fara rigimar barci. Kowa ya zaɓi guda: maigida ɗaya, ke ɗaya, manyan yaran ɗaya ɗaya. Sauran goman a ajiye su a aljihu, in an ga hali a ƙara. Ya kuma duba tun yanzu ranakun da wuraren ke buɗewa, don tsoffin gine-gine da ƙananan gidajen tarihi na karkara sukan rufe wasu ranaku na mako, wasu ma sukan rufe wata da watanni. Babu takaicin da ya kai a yi tuƙin awa guda da yara a tarar da kwaɗo a ƙofa.

Idan akwai tafiyar ƙafa a ciki, kuma na tabbata akwai tunda ya ambaci duwatsu, ga wani ma'auni da zai taimake shi. Wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotland, William Naismith, ya tsara shi a 1892, har yau masu yawon daji na amfani da shi: a ba kowane kilomita 5 awa ɗaya, a kuma ƙara awa ɗaya a kan kowane mita 600 na hawa. Wannan fa na babba ne mai lafiya wanda ba ya tsayawa. Da yara ku ninka shi biyu, domin yarinya 'yar shekara 8 sai ta tsaya ta duba kowane ƙwaro, auta kuwa bayan ɗan taƙi kaɗan sai wuyan babansa. Ya lissafa da dawowa, ya kuma san ƙarfe nawa rana ke faɗuwa a wurin, ya sa ku kasance a gida awa guda kafin nan. Duhun ƙauye ba irin na gari ba ne, babu fitilar titi da za ta yi muku rakiya.

Ni kaina na taɓa shan wannan darasin. Mun taɓa kama irin wannan gida, muka yi ta jan ƙafa a hanya har muka isa bayan dare ya yi. Mai gidan ya rubuto cewa makulli na ƙarƙashin dutsen da ke gefen ƙofa. Duwatsu kuwa sun fi ashirin a gefen ƙofar. Wayar ba sabis balle mu kira shi. Haka muka yi ta ɗaga duwatsu da fitilar waya, yara na kuka a mota. Tun daga ranar na ɗaura wa kaina doka: gidan da ban sani ba, da rana nake isarsa.

Wannan ya kawo mu ga tambayoyin da ya kamata a aika wa mai gidan tun yanzu, kuma ki bar wa maigida wannan aikin tunda shi ya kama. Ruwan gidan na famfo ne ko na rijiya, kuma ana shansa? Idan akwai kokwanto a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a taho da na sha. Wutar lantarki tana tsayawa? Wane layin waya ne ke kamawa a wurin, don sau da yawa wani layin na kamawa wani ba ya yi. Akwai zannuwan gado da tawul ko sai an zo da su? Akwai injin wanki? Ƙaramar mota na iya bin hanyar in an yi ruwan sama? Ina asibiti ko ɗakin shan magani mafi kusa, kuma minti nawa ne a mota? Ina kanti mafi kusa, ƙarfe nawa yake rufewa? Sannan mai muhimmanci gare ki: wane irin gyara ake so a yi wa gidan ranar tafiya, ko akwai kuɗin shara a cikin abin da aka biya? Idan ta manhaja irin su Airbnb ko Booking.com ya kama, duk magana da duk biya su tsaya a cikin manhajar, don nan ne kawai kuke da shaida in an sami saɓani. Da kun shiga kuma, kafin a baje kaya, ya ɗauki hoton duk abin da kuka tarar a fashe ko a tsage, kada a cire muku a kuɗin ajiya.

Akwai abu biyu da ba na wasa da su, kuma a nan zan ɗan daɗe.

Na farko ruwa. Ki tambaya ko akwai rijiya, kududdufi, rafi ko wurin ninƙaya a cikin gidan ko kusa da shi, kuma ko an killace. Yaro ɗan shekara uku ruwan da bai kai gwiwarsa ba ma yana iya halaka shi, kuma nutsewar yaro ba ta da ihu ba ta da fantsama, shiru take faruwa cikin ɗan lokaci. Hatsarin ya fi yawa a lokacin da manya suka fi yawa, kowa na zaton ɗayan ne ke kallo. Don haka ku riƙa faɗa da baki: "Auta na hannunka," shi kuma ya amsa. Kada a ɗora wa babban yaron wannan amanar a bakin ruwa, shi ma yaro ne.

Na biyu iskar nan mai guba da ake kira kabon monoksaid. Tana fitowa daga duk abin da ke ƙona itace, gawayi, gas, kananzir ko fetur idan iska ba ta isar sa, kuma gidajen karkara sun fi dogara da irin waɗannan: murhun ɗumama ɗaki, tukunyar gas, janareta. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau sama da 200, shi ya sa kaɗan ma ta isa. Alamarta ta farko ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, abin da kowa zai ɗauka gajiyar hanya ce. Idan kuka ga dukkanku kun kamu da ciwon kai lokaci guda a cikin gida, kuma yana sauƙi in kun fita, ku fice, ku bar ƙofofi a buɗe, ku nemi likita. Kada a shigo da gawayi mai wuta ɗakin kwana komai sanyi, janareta kuma ya zauna a waje nesa da taga. Ku tambaya ko gidan na da na'urar da ke ƙara in ta ji wannan iska. In babu, akwai 'yar ƙarama mai batir da ake sayarwa, ba ta fi tafin hannu ba, a jefa ta a jaka.

Sauran kuwa ƙanana ne. Kafin ku bar gida ku sauke taswirar yankin a Google Maps, don na'urar da ke nuna inda mutum yake a waya da tauraron ɗan'adam take aiki, ba ta buƙatar data, taswirar ce kawai ke buƙata. Ku san lambar kiran gaggawa ta ƙasar da kuke, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 911 a Amurka, wasu ƙasashen kuma da tasu. Idan kun bi ta cikin doguwar ciyawa, da dare ki duba jikin yara ko kaska ta maƙale, musamman bayan kunne, hammata da bayan gwiwa. A cire ta da matsefata, a kama ta daf da fata a ja a miƙe, ban da shafa mata mai ko ɗana mata wuta. A Turai da Arewacin Amurka kaska na ɗauke da cutar Laim, kuma cire ta da wuri na rage hatsarin sosai. In kuka ga walƙiya, yara su ƙirga daƙiƙoƙi har a ji tsawa, kowane daƙiƙa uku kilomita ɗaya ne. In bai kai talatin ba a shiga gida ko mota, ban da fakewa gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai.

Ki kuma tuna wa mutanenki cewa wurin da kuke kira wurin hutu, wasu wurin neman abincinsu ne. Gona ba filin wasa ba ce ko da babu shinge. Ƙofar makiyaya a bar ta yadda aka same ta, in a rufe a rufe, in a buɗe a buɗe, mai ita ya san dalilinsa. Saniya mai ɗan maraƙi a ba ta hanya da nisa. Kada a ɗauki hoton mutum ko ƙofar gidansa sai an nemi izini. Ku gaishe da duk wanda kuka haɗu da shi, ku yi ɗan sayayya a kantin garin ko da kun zo da komai. Da ɗan gari akan ci gari. Mai kantin nan ko wata tsohuwa maƙwabciya za su gaya muku wace hanya ce ta lalace, ina ne kogin ke da zurfi, ina ne ake ganin faɗuwar rana da kyau. Sau da yawa abin da za ku fi tunawa daga bakinsu zai fito, ba ya ma cikin jerin goma sha huɗun.

Game da babban ɗanki, kada ki yi masa wa'azin illar waya, ya ji ya ƙoshi. Ki ba shi muƙami. Shi ne mai taswira, shi zai sauke ta, shi zai lissafa nisa da ma'aunin Naismith, shi zai ce a bi dama ko hagu. In ya ɓatar da ku sau ɗaya ku yi dariya ku juyo. Ya sauke abin da zai kalla ko ya saurara tun daga gida, a ba shi awa guda da yamma ba tare da tsangwama ba. Kwana biyun farko zai yi ta cika yana batsewa, ki ƙyale shi. Sannan ki duba kalanda ki ga ko tafiyar ta faɗo lokacin duhun wata. In ta faɗo, wani dare ku kashe duk fitilu ku shimfiɗa tabarma a waje. Ido na buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma leƙa waya sau ɗaya na mayar da shi baya, don haka a bar wayoyi a ɗaki. Yaran da suka tashi a cikin hasken gari ba su taɓa ganin sama a cike ba. Ki nuna musu Kaza da 'Ya'yanta in lokacin fitowarta ne, ki sa su ƙirga 'yan tsakin su ga wa ya fi ido. In Zara ta fito, ki gaya musu ita duniya ce irin tamu mai zagaya rana, hasken ranar take haskowa. Wannan kam babu otal ɗin cikin gari da zai iya sayar miki da shi.

To idan kin zaunar da shi ya ƙi fa? Idan ya ce girki aikinki ne a gida da daji? A nan sai ki rage buri ki tsaya kan abu ɗaya, wato yinin nan naki, ki kuma sauƙaƙa wa kanki sauran ba tare da neman izini ba: abinci mafi sauƙi, kwano mafi ƙaranci, gida kuma ba sai ya yi ƙyalli ba, baƙi ba za su zo ba. Ki kuma gaya masa a fili, cikin ladabi, cewa hutu na gaba ke za ki zaɓa. Amma ban zaci za a kai nan ba. Mutumin da ke zumuɗin nuna wa matarsa hoto kowane dare, yardarta yake nema.

Yau da dare in ya sake miƙo miki wayar, ki karɓa ki duba da kyau. Ki wuce hoton kogin da na dutsen, ki nemo na kicin ɗin, ki buɗe shi ya cika fuskar wayar, ki juya masa. Daga nan za ku fara.

Antinku